Alhamdulillahi, an sallamo Inna

Jiya bayan la'asar muka dawo gida da Inna daga asibiti bayan tiyatar da aka yi mata. Ɗinki ya kama, kuma da ƙafarta ta taka daga mota har ɗakinta. Kun san abin da aka sha tun daren da ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ba sai na maimaita ba. Ni kaina har yanzu gajiya ba ta sake ni ba.

Shekara da shekaru Inna na shan maganin hawan jini kala uku, awo ya ƙi sauka ƙasa da 140 bisa 90, kullum ita ake ɗora wa laifi. Wai tana ɓoye magani, wai tana ƙara gishiri a ɓoye, wai ta sa wa ranta tunani.

Ranar da sakamakon jini da hoton ciki suka fito, wata matashiyar likita mai aikin dare ta ja kujera ta zauna gefen gadon, wajen ƙarfe biyu. Ta juya bayan takardar magani ta zana ƙoda da ɗan kulli a samanta, ta ce adirenal kenan. Ƙari ne ya fito a na hagu, yana zubo sinadarin aldosteron fiye da kima. Shi ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da fotasiyam, wani sinadarin da tsoka ke buƙata, ƙarancin fotasiyam ɗin ne ya kashe mata ƙafa. Ta ce aldosteron ɗin yakan kutsa cikin ƙwayar halitta har cibiyarta ya kunna wasu ƙwayoyin gado, kuma a ƙwaƙwalwa akwai 'yan jijiyoyin da in ya taɓa su sai mutum ya ji kwaɗayin gishiri. Tun 1955 wani likita a Amurka, Jerome Conn, ya bayyana cutar. Sai ta kama hannun Inna ta ce, "Mama, ba laifinki ba ne." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Duk tsawon jinyar ban ga hawayenta ba sai a daren.

Likita, Allah ya jiƙan magabatanki, ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙanki.

Na san ba a son ambato, amma dole in faɗi Yaya Babba da ya sayar da babur ɗinsa saboda kuɗin tiyata, da Goggo da ta kwana goma a tabarma ƙarƙashin gado, da maƙwabcinmu mai adaidaita sahu da ya ƙi karɓar ko kobo. Ma'aikatan jinya da jama'ar masallacin unguwa, Allah ya saka da Aljanna, ya suturta ku duniya da lahira, ya kai ladan kabarin iyayenku.

Waɗanda suka fi kowa yi wa Inna faɗa a kan gishiri, ko waya ba mu samu ba. Allah ya sa lafiya ce ta hana.

Masu zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan azahar, da safe barci take yi.