Allurar Toshe Jijiya Ga Mai Ciwon Gwiwa

Idan guringuntsin gwiwa ya cinye, ƙwayoyi sun daina aiki, tiyatar sauya gwiwa kuma ba ta samu ba, akwai allurar da ake toshe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga gwiwa zuwa ƙwaƙwalwa. Ba a cikin gaɓar ake zuba maganin ba, a gefen jijiyoyin ne.

Wurare uku ake nema: biyu a ƙarshen ƙashin cinya, ta ciki da ta waje, ɗaya a saman ƙashin ƙwauri ta ciki. Da gangan ake ƙyale na huɗu, wato na ƙasa ta waje, domin yana kusa da jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa, kuma idan magani ya taɓa ta sai mutum ya riƙa jan ƙafa. Mara lafiya zai kwanta rigingine da matashi a ƙarƙashin gwiwa. A wanke fata, likita ya bi allurar da na'urar hoto har ta taɓa ƙashi, ya ja sirinji baya ya tabbatar babu jini, sannan ya zuba maganin kashe zafi, lidocaine ko bupivacaine, mililita 1 zuwa 2 a kowane wuri. Wannan ja da bayan ba ƙaramin abu ba ne. Kowace jijiya tana tafe da hanyar jini a gefenta, kuma in maganin ya shiga jini za a ji leɓe ya mutu, kunne na ƙara, baki na ɗanɗanon ƙarfe. A faɗa nan take.

Ga inda mutane da yawa ke yin kuskure: allurar farko gwaji ce. Lidocaine awa 1 zuwa 2 yake yi, bupivacaine ya kan kai awa 4 zuwa 8. Wanda ya koma gida ya kwanta ya ɓata gwajin. A cikin waɗannan awanni ake so ya hau matakala, ya tashi daga tabarma, ya gwada sujada da zaman tahiya, yana rubuta ƙarfin zafin daga 0 zuwa 10 kowace awa. Dawowar ciwon da dare ba ya nufin allurar ta gaza.

In zafin ya ragu da rabi ko fiye, sai a ƙona jijiyoyin da wata allura mai zafin kusan digiri 80. Sauƙin kan kai wata 6 zuwa shekara, daga nan jijiyar ta sake tohowa, a maimaita.

Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ya sanar da likita, kada ya daina da kansa. Idan an haɗa maganin allurar da sitiroyid (maganin rage kumburi), sukarin mai ciwon suga zai hau na wasu kwanaki. Zazzaɓi, ko gwiwa ta kumbura ta yi ja, a koma asibiti a ranar. Guringuntsin dai yana nan yadda yake, don haka watannin sauƙin na rage ƙiba ne da ƙarfafa naman cinya.