Wasabin gaske ba a matso shi kamar makilin

Duk wanda ya ce min ya taɓa cin wasabi, wato wata saiwa mai yaji da ake ci da abinci a Japan, tambayar farko da nake masa ita ce, a gabanka aka goga shi? In ya ce a'a, wani koren ƙulli ne aka ɗora masa a gefen faranti ko aka matso daga 'yar roba, sai in ce Allah ya ba ka haƙuri malam, ba ka ci ba tukuna. Yawancin wannan koren abin saiwar wata shuka ce daban da ake ce wa hosradish, fara ce sol, a niƙa ta a haɗa da garin mastad a zuba kala, shi kenan an gama. Ni kuwa yau shekara tara ina tsayuwa cikin ruwan sanyi a tsaunukan Izu da ke Shizuoka a nan Japan saboda wannan shuka, to dole abin ya riƙa yi min ciwo.

Karatu ne ya kawo ni ƙasar nan ba noma ba. Ni ɗan Kura ne, noman rani muka gada, tumatir da albasa da shinkafa, saboda haka da aka ce wani dattijo yana neman mai taya shi aiki a gonar ruwa lokacin hutu, na ce ai an zo gidan. Ranar farko na zura takalmin roba na faɗa kwamin da ƙarfina kamar na shiga fadama, ruwan da yake garai-garai ya koma kunu tun daga sama har kwamin ƙasa. Baba, wato dattijon, bai ce min uffan ba. Ya miƙo min manjagara, muka wuni muna wanke yashi, yatsuna duk sun ƙage, ni da nake ganin sanyin Disamba na Kano shi ne ƙarshen sanyi.

A nan na fara gane cewa mai noman wasabi ruwa yake kiwo. Ruwan marmaro ne da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, sanyinsa yana zama wajen digiri 13 rani da damina, kuma ba a yarda ya tsaya ko na minti ɗaya. Kwamin kansa gini ne, manyan duwatsu a can ƙasa, sai matsakaita, sai tsakuwa, sai yashi a sama, hawa-hawa kamar matakala a jikin tsauni, ruwa yana bin sama yana kuma ratsawa ta ƙasa yana wanke saiwa. Suna ce wa tsarin tatami-ishi, a nan Izu aka ƙirƙiro shi a ƙarshen ƙarni na 19. Noman kansa ya girmi haka, an fara shi a ƙauyen Utogi sama da shekara 400 da suka wuce, kuma a 2018 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta saka noman wasabin Shizuoka cikin tsarin noma na gado da ya kamata duniya ta adana. Taki ba ma zubawa, abin da ruwa ya ɗauko daga dutse shi shukar ke ci. Rana kuma ba ta so, da zafi ya shigo sai mu ja baƙar raga a kanta.

Sai haƙuri. Shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ka tuge, irin Mazuma ma da na fi so ya fi kowanne nawa, yakan wuce haka, amma in ka goga shi yana da yauƙi da wani ɗan zaƙi a ƙarshe da sauran ba su da shi. A cikin wannan jiran barewa za ta iya tsallako shinge ta cinye ganye a dare ɗaya, tsutsar kabeji tana nan don danginsu ɗaya da kabeji, guguwar taifun kuma ta taɓa cika min kwami uku da taɓo wata huɗu kafin girbi. Na zauna a kan dutse na yi ta salati. Duk wannan fa, wani zai zo ya ɗaga saiwa ɗaya ya juya ta ya ce wai a kanti ya ga na roba da arha, in rage masa. Kuma wallahi 'yan uwanmu sun fi kowa, sai ka ce a Kwari muke. Ɗan uwa, na kantin nan a masana'anta aka kwaɓa shi, wannan kuwa tun kana aji biyu yake cikin ruwa.

Girkin daga baya ya zo, kuma dole ce ta sa. Musulmi a ƙasar nan ya san wahalar cin abinci a waje, romon alade yana ɓuya a inda ba ka zato, ga mirin da suke zubawa a kusan komai wanda giyar shinkafa ce mai zaƙi. Matar Baba ce ta nuna min girkin da ake yi a wuraren ibadar mabiya Buddha, shojin ryori, ba nama ba kifi ba ƙwai. Na ɗauki wannan na cire duk abin da ke da barasa, na nemo romon waken suya mai shaidar halal, ni da uwargidana muka buɗe ɗan kicin mai tebur huɗu a ƙasan gidanmu. Yanzu masu zuwa kala biyu ne, ɗalibai musulmi daga Indonesiya da Malesiya da namu na gida, da kuma Turawan nan da ba sa cin komai na dabba.

Romonmu ganyen teku ne na kombu daga Hokkaido da busasshiyar lemar kwaɗi ta shiitake, a jiƙa su a ruwan sanyi su kwana, kombu ba a bari ya tafasa, in ya tafasa ya yi yauƙi ya lalace. Wurare da yawa za su ce maka miyar ganye ce zalla alhali da busasshen kifi aka yi romon, nan ma wata yaudarar ce. Awara kullum da asuba muke yinta, kuma har gobe dariya nake in na tuna awarar ƙofar makarantarmu da yaji da kabeji, ga ta nan ana cin ta ɗanya da sanyinta ana ta yaba mata.

Amma abin da nake taƙama da shi goma-dofu ne. Sunan awara kawai ya ara, babu wake a ciki, riɗi ne. A niƙa shi a turmin ƙasa mai zane-zane a ciki har ya yi laushi, a tace, a haɗa da sitacin saiwar kuzu da ruwa, a ɗora a wuta a yi ta tuƙi ba tsayawa. Matar Baba ta yi mamakin yadda hannuna bai gaji ba, na ce mata wanda ya tashi yana ganin ana tuƙa tuwon gidan mutum ashirin ai wannan wasa ne. Japan tana sayo riɗi da yawa daga Najeriya, ranar da na ga sunan ƙasarmu a jikin buhu sai da na ɗauki hoto na tura gida. In ya huce ya daskare sai a yanka shi murabba'i, a ɗiga romon waken suya, a ɗora wasabi a kai kamar ƙwayar gyaɗa.

A teburinka nake goga shi. A fara ta wajen kai inda ganye ya fito, a hankali ana zagayawa, don sai ƙwayoyin saiwar sun farfashe ne yajin ke tashi. A al'ada da fatar kifin shak ake gogawa, amma tunda na ce ba dabba a kicin ɗina, magogin ƙarfe mai laushin haƙori nake amfani da shi. A bar shi minti biyu ko uku ya farka. Yajinsa ba irin na attaruhu ba ne da ke kama harshe ya zauna, wannan hanci yake hawa ya sa ka ƙwalla, kafin ka nemi ruwa ya wuce ya bar zaƙi. Bayan kamar minti 15 ƙamshin ya tafi, shi ya sa in na ga baƙo ya tsaya ɗaukar hoto nake ce masa Alhaji ci mana.

Ganye da kara ma ba ma zubarwa, muna zuba musu ruwan zafi mu rufe a kwalba da romon waken suya, namu ba irin na gargajiya ba ne da ake yi da dusar giya. Wajen watan Maris kuma fararen furanni za su fito, muna tsoma su a ƙullun fulawa mu soya su rau-rau, makonni kaɗan ne kawai, wanda yake so ya sanar da mu da wuri don bara kafin wasu su zo sun ƙare.