Allon titin da ban duba ba

Har yau idan na ɗauko littafin nan mai shuɗin bango sai raina ya sosu. The Adventures of Sherlock Holmes ne, wanda George Newnes ya buga a Landan a 1892, labarai 12 na Arthur Conan Doyle tare da zanen Sidney Paget. Na saye shi a wani baje kolin tsofaffin littattafai lokacin da nake karatu a Ingila, da kuɗin da na shafe wata takwas ina ƙullewa.

Kafin nan ƙananan kaya nake tsinta: tsofaffin mujallun Strand, da bugu na baya-baya na littattafan marubuci Wilkie Collins. Littafinsa The Moonstone na 1868 mai juzu'i uku kuwa, daga nesa nake kallonsa, don ba sa'an aljihuna ba ne. Saboda haka da na ga an rubuta "bugun farko" da fensir a cikin bangon wannan na Holmes, jikina har rawa yake. Na san alama guda ta gane bugun farko, na haddace ta kamar karatun allo: a shafi na 317 an yi kuskuren ɗab'i, sunan wata mata da ke cikin labari, Violet Hunter, ya fito "Violent". Na buɗe, ga shi nan. Ban ƙara duba komai ba, ko ciniki ban yi ba, na biya.

Bayan mako biyu na kai wa wani dattijo da ya tsufa a sana'ar. Ko buɗewa bai yi ba. Ya ɗora yatsa a kan zanen titin da ke bango, inda akwai wani ɗan allo, ya ce in karanta. Southampton Street. A fitowar farko allon nan wayam yake, babu rubutu. Nawa na baya ne, kuma darajarsa ba ta kai abin da na biya ba. Kuskuren shafi na 317 shi kaɗai ba hujja ba ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne allon yana gaban idona tun kafin in buɗe littafin. Na riƙe shi da hannu biyu, ina ta neman shafi, ban kalli bango ba. Mai sayarwar bai ba ni rasit mai bayanin bugu ba, ni ma ban nema ba, don haka babu hanyar mayarwa.

Yanzu ba na fitar da ko kwabo sai na rubuta alamomin bugu duka a takarda, na bi su ɗaya bayan ɗaya, bango kafin ciki, sannan a rubuta mini bayanin a rasit. Idan mai kaya ya ce wani na jira, sai in ajiye masa abinsa in wuce.

Littafin yana Kano tare da ni, cikin akwatin ƙarfe saboda gara da ƙurar hunturu. An taya sau biyu, na ƙi sayarwa.