Wasiƙa daga Ingila: yadda ake zana fadamar Rima a kan katin gaisuwa

Assalamu alaikum, iyaye, yayye da ƙannenmu na Birnin Shehu. Ina gajiya, yaya iyali?

Katin gaisuwa na hannu sana'a ce mai kasuwa a nan. Hatimomin roba da ake sayarwa cike suke da itatuwan ƙasar sanyi da dusar ƙanƙara, amma ku a Sakkwato kuna da abin da ya fi dacewa da kati: giginya, kuka, rumbun laka da ruwan Rima idan aka hango shi daga gadar Kwalkwalawa da la'asar sakaliya. Ga mai gudun zana abu mai rai kuma, wannan aikin babu mutum babu dabba a cikinsa.

A raba kwali mai girman A4 biyu, a ninke rabin, zai ba da kati mai santimita 10.5 da 14.8. Zanen kuwa a kan wata takarda daban ake yin sa, mai santimita 9.5 da 13.8, daga baya a manna. A nemi takardar zanen ruwa mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita. Takardar fotokwafi giram 80 ce, ruwa na taɓa ta za ta yamutse. A kafe gefunan huɗu a kan katako da tef na takarda.

Da kirayon mai narkewa da ruwa ake sa kala, amma kirayon iri biyu ne, nan ake yawan asarar kuɗi. Neocolor II na kamfanin Caran d'Ache da ke Suwizalan yana narkewa da ruwa, Neocolor I ba ya narkewa, haka ma na 'yan firamare. Kafin saye a goga a takarda, a shafa jiƙaƙƙen yatsa, in kalar ta bazu shi ne. A ajiye shi a inuwa, don zafin Afrilu na sa shi laushi har ya lanƙwashe.

Hatimin da za a buga itatuwa da rumbu da shi ba sai an yi odarsa ba. A zana giginya a kan babban kilina na goge fensir, a sassaƙe kewayen da reza zurfin milimita 2, ko a kai wa masu yin hatimin ofis. Abin da aka sassaƙa a juye yake fitowa, don haka “Barka da Sallah” da boko ko da ajami dole a sassaƙa shi a juye.

Tawada ce ke yanke hukuncin abin da za a fara. In an samu wadda ruwa ba ya wankewa, irin Archival Ink ko StazOn, a buga hatimi tukuna, a bari ya bushe, sannan a sa kala. In tawadar hatimin ofis ce kawai a hannu, a juya tsarin: kala da farko, a jira takarda ta bushe ƙarau, hatimi daga ƙarshe. Wanda ya sa ruwa a kan tawadar ofis zai ga giginyarsa ta koma shuɗin tabo.

Layin da sama ta haɗu da ƙasa a sa shi kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa, kada ya raba takarda tsakiya. A goga shuɗi sama-sama a can bisa, ruwan goro kusa da layin, a bar tsiri fari mai faɗin yatsa a tsakani. Dalili: shuɗi da ruwan goro in suka gauraya ruwan taɓo suke bayarwa, shuɗi da rawaya kuma kore. Da jiƙaƙƙen burushi mai faɗi, wanda aka tsane a tsumma, a ja daga hagu zuwa dama, daga kala mai haske zuwa mai duhu, a wanke shi kafin sauya kala. Da hunturu ruwan na bushewa kafin a kai ƙarshen layi, ya bar zane-zane, sai a fara jiƙa takardar da tsabtataccen ruwa. Kogin shi ne kalolin saman a juye, an ƙara musu ruwa, da ɗan fari-fari da aka bari.

Nisa kuma da bugu na biyu ake samar da shi. A buga giginyar gaba da cikakkiyar tawada, sannan ba tare da ƙara tawada ba a sake bugawa can baya, ɗan sama kaɗan. Za ta fito dishi-dishi, ido ya ɗauka tana ƙetaren kogi. Don rumbu ya ɓuya bayan kuka, a buga kukar, a sake buga ta a 'yar takarda, a yanke siffar, a rufe ta asali da ita, a buga rumbun a kai, a ɗage. A danna hatimi a miƙe sau ɗaya, girgiza shi ke sa layi ya fito biyu-biyu.

Kada a cire tef sai takarda ta daina sanyi a bayan hannu. Gam ɗin sanda ya fi na ruwa, a manna a danne da littafi mai nauyi ya kwana. Ambulan mai lamba C6 ce daidai da shi.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Wassalam.

'Yan'uwanku masu aikin kati a Ingila