Shekarun da na yi ina ciniki da Allah

Ƙannena, akwai wani ɗan littafi mai shuɗin bango da na riƙa rubuta addu'o'ina a ciki wajen shekara 6. Kowane shafi na raba shi biyu da biro, hagu abin da na roƙa, dama kuma in sa alama in ya samu. Jarrabawa, aiki, kuɗin haya, yarinyar da nake so in aura. Watan da alama ta yi yawa za ku ganni a bencin gaba a coci ina ɗaga hannu, watan da ta yi ƙasa kuwa sai in zauna can baya ina duba waya, kuma a lokacin fa gani nake ni mai addu'a ne sosai.

Abin ya fito fili ne da na nemi wani aiki da na sa rai a kai. Na yi azumi kwana 3, na ninka baikona, na yi wa Allah alkawari in ya ba ni zan shiga ƙungiyar bishara in daina kaza da kaza. Aka kira ni intabiyu, na jira sati 5, aka ɗauki wani. Ranar da na ji, abin da ya fito daga bakina shi ne na yi nawa amma Allah bai yi nasa ba, kamar wanda yake bin bashi. Wata 4 ban taka coci ba.

Wani dattijo a ikilisiyarmu ya biyo ni har ɗaki. Bai yi mini faɗa ba, ni ne ma na ɗauko littafin don in nuna masa yawan roƙon da na yi. Ya sa tabarau ya dinga juya shafi a hankali, can ya ɗago ya ce, ɗana, ban ga sunan kowa a nan ba sai naka, ko na mahaifiyarka babu. Na karɓa na duba da kaina. Babu. Babu neman gafara, godiya ma sai inda alama take.

Shi ya sa na karanta Yahaya sura 6 a daren nan. Yesu ya ciyar da mutum 5,000 da gurasa 5 da kifi 2, washegari suka tsallaka har Kafarnahum suna nemansa, a aya ta 26 ya gaya musu ƙiri-ƙiri cewa don sun ci sun ƙoshi ne suke binsa. Da koyarwa ta yi nauyi da yawa suka juya suka tafi, sai Bitrus ya tsaya ya ce wurin wa za su je, tunda shi ke da maganar rai madawwami. Na ga kaina a cikin waɗanda suka tafin, kuma na yi kuka.

Kada ku ɗauka ina cewa roƙon buƙata laifi ne. A'a. Addu'ar da Ubangiji ya koyar a Matiyu 6 akwai abincin yini a ciki, amma ku duba inda ya zo, sai bayan sunansa da mulkinsa da nufinsa. Ni daga abincin nake farawa, a nan kuma nake cewa amin. Yesu kansa a Getsamani sau 3 ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon nan, ya ƙare da nufin Uba a yi ba nasa ba. Bulus ma sau 3 ya roƙa a kan ƙayar jikinsa, ba a cire ba, alheri aka ce ya ishe shi, bai kuwa ajiye aikin ba. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Daniyel 3:18, Shadrak da Meshak da Abednego a gaban Nebukadnezzar, suka ce Allahnsu yana da ikon cetonsu daga wutar, amma ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Wannan "ko da" ɗin ni ban taɓa faɗa wa Allah ba.

Kuma don Allah ku yi hankali da duk mai wa'azin da zai ce muku ka ba da kaza a ninka maka kaza, ni irin wannan na sha har ya zauna mini a rai, shi ya sa da ba a ninka ba na ji an cuce ni.

Abin da na fara yi ƙarami ne, ku ma za ku iya. Kafin in roƙi komai nawa sai na ambaci mutum 3 da sunansu, ɗaya a ciki wanda muke da saɓani da shi, wannan na ukun ya fi azumi wuya. Sannan in karanta sura ɗaya in yi shiru, ban zo neman ayar da za ta goyi bayan abin da na riga na yanke ba. Makonnin farko gaskiya baki ne kawai ke faɗa, zuciya ta biyo daga baya.

Har yanzu akwai abu ɗaya a littafin nan da nake roƙo shekara 9 ba alama a gefensa, yana kuma yi mini ciwo. Jiya da dare ma na sake kai shi gaban Ubangiji, na ce masa ina so ƙwarai, na kuma ce ko da bai ba ni ba ina nan.