Kada ka yi gaggawar datse kibiyar kabon

Kibau goma sha biyu na kabon, wato wani abu mara nauyi da ake ƙera sandar kibiyar zamani da shi, waɗanda na fara saya wa dogon bakana, a rana ɗaya na ɓata su, tun kafin in harba ko da guda. Bakan irin wanda ake sassaƙawa a Amurka ne, mai ɗan dakali a mariƙi inda kibiya take kwanciya, kuma an rubuta a jikinsa cewa ƙarfinsa laba 45 ne, wato kimanin kilo 20, idan an ja tsirkiya inci 28. Na duba jadawalin masu ƙera kibau, ya nuna mini lambar tauri 500, na saya, sannan na sa aka datse su duka zuwa inci 28 da rabi, domin a ganina kibiyar da ta zarce baka da yawa ba ta da kyan gani. Da na je fili, kowace kibiya sai ta fita tana kaɗa gindi, ta bugi mariƙin da ƙara, ta je ta sauka hagu da inda na auna.

Lambar da ake bugawa a jikin kibiya awon taurinta ne kawai a kan teburin gwaji. Ana ɗora sandar a kan madogarai biyu masu tazarar inci 28, a rataya mata nauyin giram 880 a tsakiya, a auna yadda ta lanƙwasa. Wadda ta sunkuya rabin inci ita ce 500, wadda ta fi ta sunkuyawa kaɗan ita ce 600, don haka ƙaramar lamba ita ce mai tauri. Abin da lambar ba ta sani ba shi ne bakanka da hannunka. Ni jan da nake yi wa tsirkiya bai wuce inci 27 ba, kuma kowane inci da ya ragu yana rage laba biyu zuwa uku na ƙarfin baka, saboda haka bakan da nake alfahari da shi a matsayin mai laba 45, a hannuna bai wuce 42 ko 43 ba.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa kibauna suka yi wa bakan tauri, wanda ya fi wannan nauyi. Dakalin dogon baka ba a sassaƙa shi har ya kai tsakiyar mariƙi ba, wasu bakunan ma, irin na Ingila da ake yi da itace guda, ba su da dakalin sam, a kan hannun maharbi kibiya take kwanciya. Wannan ya sa idan aka ɗana kibiya, kanta yana kallon gefe, alhali tsirkiya tana komawa ne kai tsaye zuwa tsakiyar baka. Abin da yake ceton harbin shi ne, lokacin da yatsu suka saki tsirkiya ta tunkuɗo gindin kibiya, kan kibiyar mai nauyi yana jinkirin motsawa, sai sandar ta lanƙwasa, ta kewaye mariƙin kamar maciji yana wuce dutse, ta ci gaba da lanƙwasa dama da hagu har ta daidaita a iska. Kibiyar da ta yi tauri da yawa ba za ta lanƙwasa ta isa ba, sai mariƙi ya ture ta. Mafi yawan jadawalin kamfanoni kuwa an tsara su ne da bakunan zamani a rai, waɗanda kibiya take zama kusan daidai tsakiyarsu, shi ya sa mai dogon baka yakan tarar an ba shi shawarar kibiyar da ta fi ƙarfinsa.

Hanyar da ta fitar da ni ita ce gwaji da kibiya tsirara, wadda ba a manna mata gashi ba. Gashin talo-talo da ake sa wa gindin kibiya mai rufa asiri ne, yana gyara karkatarta a iska kafin ido ya gani, idan babu shi kuwa duk aibin sandar sai ya bayyana. A nan nakan tuna da kibau na kyauro na maharbanmu, waɗanda ba a sa musu gashi ko kaɗan, nauyin ƙarfen da ke kai ne yake jan su su tafi sosai. Ana ɗaukar kibau uku masu gashi da biyu ko uku tsirara, duka tsawo ɗaya da nauyin kai ɗaya, a naɗa wa tsiraran ɗan salatif a gindi don ya maye nauyin gashin, a tsaya kamar mita goma daga abin bara, a riƙe baka a miƙe ba a kishingiɗe ba, a harba su duka wuri guda. Da kan atisaye mara kaifi ake yin wannan, domin faffaɗan kan farauta a sanda tsirara yana kama iska ya kai kibiya inda ba a nufa ba.

Sama da ƙasa ake fara gyarawa. Idan tsiraran suka taru ƙasa da masu gashi, alamar da ake ɗana kibiya a tsirkiya ta yi sama da yawa, idan suka taru sama kuwa ta yi ƙasa, sai a matsar da ita kaɗan-kaɗan. Bayan nan ne ake duba dama da hagu. Ga mai harbi da hannun dama, tsirarar da ta sauka hagu da masu gashi ta yi tauri, wadda ta sauka dama ta yi laushi, bahago kuma sai ya juya lissafin. Na fi yarda da inda kibau suka taru fiye da yadda gindin kowace ya karkace a jikin abin bara, saboda soso ko ciyawar da aka cusa a ciki tana iya murɗe kibiya bayan ta shiga. Akwai kuma ruɗi guda da ya cinye mini makonni: kibiyar da ta yi tauri ƙwarai takan bugi mariƙi da gindinta ta yi tsalle, ta nuna kamar mai laushi, mutum ya ɗauki zarto ya ƙara datse ta, ya ƙara wa kansa wahala. Alamarsa ita ce ƙarar bugun da kuma zanen da ake gani a fatar dakali.

Dole in faɗi gaskiya a kan kaina, rabin abin da tsirarar kibiya take nunawa labarin yatsun maharbi ne. Ranar da na gaji ina fizgar tsirkiya gefe wajen saki, sanda ɗaya takan nuna tauri da safe ta nuna laushi da yamma. Don haka ba na canza komai sai na ga abu ɗaya ya maimaita kansa a kwana biyu ko uku.

Wajen gyara, abin da za a iya mayarwa ake fara taɓawa. Ƙara nauyin kai yana sa kibiya ta ƙara lanƙwasa, rage shi yana taurara ta, kuma kawunan da ake murɗawa suna zuwa da nauyi iri-iri, 125, 145, 175 har 200 na ma'aunin giren, wanda kusan goma sha biyar da rabi nasa ne giram ɗaya. Idan sanda ta ɗan yi laushi, ƙara kaurin fatar da ke gefen mariƙi yana iya wadatarwa. Yanka shi ne na ƙarshe, domin rage tsawo yana taurara kibiya da sauri, kuma abin da zarto ya ci ba ya dawowa. A fara da cikakken tsawo, a riƙa cire rubu'in inci, a gwada, a tsaya tun tsirarar tana nuna ɗan laushi kaɗan, saboda gashi idan an manna yana ɗan taurara ta. Da injin yanka mai saurin juyi ake datse kabon, a kuma rufe hanci saboda ƙurarsa. Idan za a narka gam ɗin da ke riƙe ƙarfen bakin kibiya, ƙarfen ake gasawa, wuta ba ta taɓa sandar.

Nauyin kibiya gaba ɗaya ma abin lura ne. Kabon ba shi da nauyi kamar itace, kuma kibiyar da ta yi shafal ba ta kwashe ƙarfin baka, sai ragowar ya koma cikin gaɓoɓinsa da hannun maharbi, abin da yake kusa da sakin tsirkiya babu kibiya, wanda ke tsaga baka. Masu bakunan gargajiya sukan nemi kibiya mai nauyin giren takwas zuwa goma a kan kowace laba ta ƙarfin baka. Kabon kuma ba ya zama a lanƙwashe kamar alminiyon, ko dai yana miƙe ko ya tsage, kuma tsagar ba kullum ake ganinta ba, shi ya sa duk kibiyar da ta bugi dutse ko wata kibiyar nakan lanƙwasa ta kusa da kunne ina juyawa, idan na ji ƙas sai in karya ta in yar, kada ta fashe ta shige mini bayan hannu.

Wanda yake da niyyar gasa ya duba dokokin rukuninsa tukuna, domin a rukunin dogon baka na hukumar harbin baka ta duniya ba a yarda da kibiyar kabon ba.

Yanzu ina harba lamba 600 mai tsawon inci 30 da kai mai giren 175, kuma tsirara da mai gashi suna taruwa wuri ɗaya daga mita ashirin. Goma sha biyun nan da na datse ban zubar da su ba. Na cusa wa kowace ɗan bututun tagulla mai giren 100 a baki kafin in murɗa kai, suka yi laushin da bakan zai iya da su, sai dai sun yi nauyi, da sun wuce mita ashirin da biyar sukan fara sunkuyar da kai ƙasa, don haka na bar su don atisayen kusa.