Yau dai na ga inda +15 ɗin nan ke fitowa

'Yan uwa masu shirin jarrabawar Nov-Dec, alhamdu lillahi, abin da ya hana ni sakat a lissafi ya warware.

Buɗe baka irin (x + 2)(x + 7) bai taɓa ba ni wahala ba, kowa ya ninka kowa a samu x² + 9x + 14. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne (x − 3)(x − 5). Daga ina +15 ya ɓullo, alhali ɗebewa muke ta yi? Malaminmu na darasin yamma cewa yake, "Ɗebewa sau ɗebewa tarawa ce, ku haddace kawai." Ni kuwa hadda ba ta zama a kaina sai na ga dalili. Kuma sidin, wato kuɗin Gana, da nake biya duk wata daga guminmu na shagon unguwar Aboabo yake fita, raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai na sa 10 a gurbin x. Ai 7 sau 5 dai 35 ne. Amma da na buɗe bakan ban sa +15 ba, x² − 5x − 3x, wato 100 − 50 − 30, ya ba ni 20. Saura 15 cif!

Na yago takardar giraf, na zana gida 10 a tsaye, 10 a kwance. Na shafe layi 3 na gefen dama da jan biro, gida 30 ke nan. Na shafe layi 5 na ƙasa da shuɗi, gida 50. Ku dubi kusurwar ƙasa ta dama: gida 3 sau 5 sun sha ja, sun kuma sha shuɗi. An ɗebe su sau biyu, ga shi sau ɗaya suke a takardar, dole a maido da 15. Wallahi sai da na miƙe tsaye don murna. Wato x² − 8x + 15 ba dokar da aka ɗora mana ba ce, ga ta nan ana ƙirgawa da yatsa.

Nan take na bi ta kan (x − 4)², ya fito x² − 8x + 16. Masu rubuta x² − 16, ku gwada da 10: 84 za ku samu, ba 36 ba. Na kuma yi (2x − 3)(3x − 1), na samu 6x² − 11x + 3, na gwada da 2, ɓangarorin biyu suka ba da 5.

A tsarina, da yanzu na shiga mayar da su cikin baka, amma wannan ya cinye makon, ban kuma yi nadama ba. Saura masu alama gauraye irin (x + 6)(x − 2). Wanda ya iya zana shi a giraf ya zo da takardarsa ran Asabar bayan la'asar.